Ranar da Na Wanke Kan Jirgi

Ni mace ce da ba ta shiri da datti. Tun ina yarinya a Zariya ake yi mini tsiya a kan haka, wai ko tsintsiya sai na wanke ta kafin in yi shara da ita. Da Allah ya kawo mu Makka sai aikin da ya dace da halina ya same ni, shara da goge-goge a wani masaukin alhazai a Jarwal. Na yi shekaru ina bin ɗakuna da tsumma da bokiti, kuma ban taɓa jin kunyar sana'ata ba. In na gama da ɗaki, ko uwar miji ce ta shiga ba za ta sami abin faɗa ba.

Maigidana kuwa direban bas ne, yana jigilar alhazai tsakanin Aziziyya da Harami. Amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara zama ya ce maka shi ma'aikacin jirgin ƙasa ne, tuƙin bas riƙon ƙwarya ne kawai. Riƙon ƙwaryar nan ya haura shekara ashirin. A samartakarsa shi ne mataimakin direba a wani kan jirgi mai shan dizal, kore mai ratsin ruwan ɗorawa, wanda ke jan taragai tsakanin Kaduna da Zariya da Kano. Na san kan jirgin nan fiye da yadda na san wasu dangina, alhali ban taɓa hawansa ba. Na san yadda yake tari in an tashe shi da safe, na san yadda muryarsa ke sauyawa in ya kama hawa da kaya, domin duk maigidan yana kwaikwaya mana da baki, wani lokaci ma da loma a hannunsa. Ranar da muka hau jirgin lantarkin nan mai zuwa Madina, ni ina ta jin daɗin sanyi da tsafta, shi kuwa tun daga tasha yake ɓata rai. Da muka sauka na tambaye shi ya ya gani, sai ya ce wannan ai ba jirgi ba ne, firji ne aka sa wa taya. Ba wari, ba murya, to me mutum zai tuna?

Abokin haukarsa wani dattijo ne mai gyaran agogo a unguwar Mansur, wanda muke kira Ammu. Haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo daga ƙasar Katsina a ƙafa, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba, Hausarsa ma rabinta Larabci ce. A ɗakin da ke saman shagonsa yana da wani faffaɗan tebur da ya shimfiɗa wa ƙananan layin dogo, da tasha, da gada, da 'yan jirage masu tafiya da lantarki, kowanne bai fi taƙi ɗaya ba. Duk Juma'a bayan la'asar can maigidana yake. Manyan mutane biyu masu furfura su durƙusa suna kallon abu yana zagaya tebur. Na sha cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, tunda dai ba wani mugun wuri yake zuwa ba.

Akwai abu ɗaya da ba ya kwaikwaya mana a wurin cin abinci, shi ne yadda ya bar aikin. Direban da ya yi wa mataimaki shi ya ɗauke shi tun bai san komai ba, ya koya masa aiki, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, har shi ya shige gaba wajen neman aurena. Da harkar jirgi ta fara ja baya, a yi mako ba a tashi ba, sai maigidana ya sami hanyar tuƙi a Saudiyya. Ya san in ya je sallama tsohon zai ce ya ƙara haƙuri, ya kuma san ba zai iya musa masa ba. Sai ya tafi bai yi masa sallama ba. Da farko ya ce zai rubuta wasiƙa in ya natsu. Da ya natsu kunya ta hana shi, daga nan kuma kunyar ta yi ta girma tare da shekaru. Ni kaɗai na san yadda abin yake cin sa.

Ana nan sai ga saƙo ta waya daga 'yar tsohon, ta samo lambarmu a wani zauren tsofaffin ma'aikatan reluwe. Ta ce 'ya'yansa sun haɗu za su kawo shi Umra nan da 'yan watanni, kuma ya ce yana so ya ga yaronsa. Maigidana ya karanta saƙon ya fi sau goma. Na ce masa to ai shi ke nan, in ya zo ka durƙusa ka ce ka tuba. Ya ce bakinsa ba zai iya ba, kuma ko ya faɗa, me zai nuna wa tsohon cewa bai manta ba? A ranar ya tafi wurin Ammu, ba Juma'a ba ce ma.

Ammu ya sa aka aiko masa da wani ɗan kan jirgi daga waje, ƙirarsa ɗaya da nasu sak, sai dai shuɗi ne. Suka kankare fentin, suka mai da shi kore, suka ja masa ratsin ruwan ɗorawa, Ammu ya sa madubin gyaran agogo a ido ya rubuta masa lambarsa ta asali. Wannan duk labari nake ji, domin aikin a shago ake yin sa, ni ban taɓa ganin abin ba. Sai ranar Talatar makon da baƙon ya sauka aka kawo shi gidanmu da ɗan katakon layinsa, aka ajiye a kan kabad ɗin falo, aka rufe da farin ƙyalle. An shirya tsohon zai zo mana cin abinci ranar Juma'a in an sauko daga masallaci.

Laraba ba ni da aiki, sai na tashi gyaran gida. Baƙon da ya shige gaba a aurena zai shigo ɗakina, ai ko bayan firji sai na leƙa. Na wanke labule, na goge fanka, na zo kan kabad na ɗaga ƙyallen. Abin da na gani ya ɓata mini rai. Ɗan jirgi kyakkyawa, amma kamar an tono shi daga juji. Rufinsa baƙi ƙirin, ƙafafunsa jajur da ƙasa, gefensa duk dabbare-dabbaren maiƙo, gilasansa ko ciki ba a gani. Na ce a raina, ka ji maza, wata huɗu suna fama da abu a shagon da ba a sharewa, ko su ɗan hure shi. Da wannan za a tari baƙo?

Na san dai abin lantarki ne, ban tsoma shi a ruwa ba. Na ɗauko tsohon buroshin haƙori da audugar kunne da ɗan ruwan sabulu a kofi, na zauna a bakin taga. Dattin ma bai yi mini gardama ba, ina taɓawa yake fita. Kafin azahar koren nan ya fito shar, ratsin yana ɗaukar ido, na zubar da jan ruwan da ke kofin a makwarara, na mai da jirgin wurinsa. Ban ma rufe shi ba, don maigidan ya gani tun daga bakin ƙofa.

Ya kuwa gani tun daga bakin ƙofa. Sallamarsa ta tsaya a rabi. Ya tako a hankali da takalminsa a ƙafa, a kan dardumar da na wanke, ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a ƙasa ya ce innalillahi. Ni kuwa ina tsaye ina jiran sannu da aiki. Da na ga ba ta da niyyar zuwa sai na tambaya ko laifi ne don na gyara masa kayansa.

Ya ce, "Hajiya, dattin shi ne aikin."

A nan ya yi mini bayanin abin da ya kamata a ce ya yi mini tun ranar Talata. Ashe a wurin masu wannan harka, ɗan jirgi mai ƙyalli kayan wasan yara ne. Sai an sa masa hayaƙi da tsatsa da ƙura, ya yi kama da wanda ya sha hanya, sannan ya zama jirgi. Fentin mako uku ya ɗauke su, sauran watannin duk a kan dattin suka ƙare, da ɗan buroshi mai gashi kaɗan. Jar ƙasar da ke ƙafafunsa kuwa ta tashar Zariya ce, wani alhaji ya roƙa ya ɗebo masa a kwalbar magani daga gefen layin dogo, kuma ta ƙare tas. Ya ce tsohon bai taɓa ganin kan jirginsu da tsafta haka ba, ko ranar da aka kawo shi. In ya ga wannan zai ce ya yi kyau, kamar yadda ake ce wa yaro, shi ke nan.

Halina ne in na ji kunya sai in fara da faɗa. Na ce wa ya hana shi faɗa mini, ni boka ce? Na ce a duk faɗin Makka ba a taɓa jin inda aka yi wa mace fushi don ta yi wanki ba. Takalminsa kawai ya cire ya kai bakin ƙofa ya ajiye. Wannan ya fi mini zafi da a ce ya rama. Na shiga kicin na tsaya a gaban makwararar da na zubar da ƙasar garinmu, na ji kamar in sa hannu in dawo da ita. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba.

Washegari na tafi aiki. A hawa na huɗu an sauke sababbin masu Umra daga gida, ina tura bokiti a baranda sai na ga abin da kullum nake tsaki a kansa, takalma jere a bakin ƙofa, ƙasansu cike da busasshen jan laka. Damina ce a gida. Shekara da shekaru ina share wannan ƙasa ina zubarwa ina mita, ban taɓa kallonta a matsayin wani abu ba. Na leƙa takardar da ke manne a ƙofar, na ga ayarin Zariya ne. Na ciro tsinken sakace da 'yar leda, na tsuguna na fara ƙwaƙule ƙasan wani silifa.

Ban ankara ba aka buɗe ƙofa. Wata dattijuwa ce mai jiki, da carbi a hannu. Ta dube ni, ta dubi ledar, ta dubi takalminta, sai ta ja da baya ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

"Baiwar Allah, sawuna kike ɗiba? A garin nan? Ko kwana ban yi ba, wa ya aiko ki?"

Sai a lokacin na ga yadda abin yake a idon mutum. Na rantse, na sake rantsewa, tana ƙara ja da baya tana kiran 'yan ɗakinsu. Da na ga za a tara mini jama'a sai na ciro waya na nuna mata hoton ɗan jirgin da na ɗauka jiya ina alfahari, na kwashe labarin duka na faɗa mata, har da rashin sallamar. Ta karɓi wayar ta kai ta kusa da ido. Sai ta ce ai ta san wannan, tana budurwa ta yi tallar dafaffen ƙwai da rake a tasha, in ya yi hon daga nesa suke ɗaukar farantai su ruga. Ta ce amma wa ya wanke shi haka, ai bai yi kama da kansa ba. Na ce ni ce. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta juya ta ce wa 'yan ɗakin kowa ta kawo takalminta. Wata ma ta jawo akwatinta ta ce in duba tayoyin, a Tudun Wada ta ja shi cikin ruwan sama. Na bar hawa na huɗu da rabin leda da addu'o'i.

Da la'asar Ammu ya zo gidanmu da akwatin buroshinsa. Ya dubi jirgin ya ce la haula, ya dubi ledar ya ce masha Allah, sannan ya ce yalla, lokaci ba ya jira. Na daka ƙasar a ɗan turmin yaji, na tankaɗe ta da rariyar shayi, na kawo musu, na koma gefe da niyyar yin shiru. Niyyar ba ta yi minti goma ba. Sauri suke yi, suna barbaɗa ƙasa ko'ina daidai wa daida kamar masu sa wa tsire yaji. Na ce ba haka datti yake zama ba. Maigidana ya ɗago ya dube ni irin kallon nan na ke da kika ɓata. Ammu kuwa ya miƙo mini buroshin ya ce, "Tafaddali, ya Hajiya, nuna mana."

Ban san jirgi ba, amma na san datti, shi nake bi kullum tun safe. Na san ƙura tana kwanciya ne a inda ta sami shimfiɗa, da lungun da iska ba ta shiga. Na san in ruwa ya sauko yana jan ta ƙasa layi-layi daga bakin taga da kan kowane ƙusa. Na san inda maiƙo ya zuba nan take kamawa ta yi kauri ta yi duhu. Sai na riƙa tambayar maigidana ina yi. Ta ina hayaƙin ke fita, ina yake kwantawa in ana gudu? Ta ina ake zuba mai, kuma mai zubawar yana da hankali ko yana zubarwa? Ya ce wani gajere ne mai yawan surutu, kullum sai ya yi ambaliya. Na ɗauko kwallina na yi hayaƙin rufi da shi, na jiƙa kaɗan da man zaitun na ja ambaliyar gajeren nan a gefen tanki. Tun yana amsa mini a daƙile har ya matso kusa, har ya fara ba da labari, har ya fara yin ƙarar injin da baki. Ammu yana ta cewa wallahi wannan mu'allima ce, wato gwanar aiki.

Da muka kusa gamawa na ce saura abu ɗaya. Duk inda mutane ke aiki, komai dattinsa, akwai inda hannu ke taɓawa kullum, wurin nan yana ƙyalli. Marikin ƙofa, bakin matakala. Na tambaye shi ina hannunsu yake sauka. Ya nuna mini ƙarfen da ake kamawa a hau, na goge tsakiyarsa da audugar kunne. Sai ya ce akwai kuma gilashin gaba. Aikinsa na farko kowace safiya shi ne ya goge shi da tsumma, ɓangaren direba da nasa, tsohon ba ya tashin inji sai ya ga an yi. A wancan na farkon, ya ce, ya rufe gilasan duka da ƙura, bai yi wannan tunanin ba. Na lanƙwasa kan auduga na share ɓangarorin biyu, na bar ƙura a kusurwoyi inda tsumma ba ya kaiwa.

Ranar Juma'a maigidana ya je masauki ya ɗauko tsohon. Na tuna shi dogo mai faɗin kafaɗa, sai ga ɗan tsoho da sanda da tabarau mai kauri. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce amaryarmu ce ta zama haka, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Shi da maigidan kuwa gaisuwa suke ta yi ba ta ƙarewa, ya hanya, ya ibada, ya zafi, ya mutanen gida, in sun kai ƙarshe su sake ɗaukowa daga farko. Aka ci tuwon shinkafa, Ammu ya iso, na kawo shayi da na'ana'a. Maigidana ko rabin kofinsa bai sha ba. Daga ƙarshe Ammu ya gaji ya ce halas, ya isa haka, ya tashi ya sauko da katakon ya ajiye a gaban tsohon, ya janye ƙyallen.

Ina bakin ƙofar kicin da faranti a hannu. Tsohon ya ajiye kofi, ya gyara tabarau, ya sunkuya har gemunsa na neman taɓa layin. Ya karanta lambar a fili. Ya bi rufin da kallo, ya sauko gefen tanki, sai ya yi 'yar dariya ya ambaci gajeren nan mai zuba mai, ya ce Allah ya jiƙansa, har ya mutu bai koyi rufe famfo ba. Ya dangwali ƙafar jirgin da ɗan yatsa ya duba jan da ya fito, ya ce duk wanda ya yi wannan dattin ya yi aiki a loko, inda ake gyaran kan jirgi. Maigidana ya nuna ni da baki. Na ji daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye ba, yabon da aka taɓa yi mini a kan tsafta duk bai kai wannan ba.

Sai tsohon ya zagayo gaban jirgin, dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana kallon gilashin nan. Maigidana ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya buɗe baki ya ce Baba, sauran maganar ta ƙi fitowa.

Tsohon bai ɗago ba. Ya ce, "Bayan tafiyarka an ba ni yara uku, ba wanda na bari ya taɓa ɓangarenka. Ni nake goge shi da kaina har na yi ritaya. Na ce kada ka dawo ka tarar da shi da ƙura."

Ya zaro hankici ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ammu ya tura masa ɗan akwatin da ake murɗawa jirgin ya tashi, ya nuna masa inda ake kamawa. Tsohon ya ɗora hannu a kai, amma bai murɗa ba. Ya dubi maigidana, ya buga tabarmar da ke gefensa da tafin hannu.

"Ka makara ƙwarai," ya ce. "Zo ka zauna a wurinka ka duba mini hanya, mu tafi."